WA ZAI BI SAWUN KUƊIN HORO BIRNI?

Duk matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, kafin ya isa Tambuwal sai ya ratsa ƙasar Boɗinga da ta Shagari. Yawancin masu wucewa ba abin da idonsu ke kamawa sai gonakin gero da dawa, da garkunan shanu da tumaki, da masu talla a bakin titi. Amma wanda ya san tarihin dukiyar jama'a a ƙasar nan, in ya zo wannan yanki ya kamata ya rage gudu, domin kuwa an daɗe ana tunani a nan game da baitulmali da haƙƙin talaka a cikinsa.

A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a shekara ta 1815, kuma a wannan zamani ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga. Waɗannan malamai ba su bar zancen kuɗi ga ma'aji kaɗai ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lasafta jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da sarakunan da suka gabata ke ɗora wa mutane ba bisa shari'a ba. Malam Abdullahi kuwa, a cikin Liya'ul Hukkami, ya yi bayanin hanyoyin da suka halatta dukiya ta shigo baitulmali da kuma inda ya kamata a kashe ta. Can gaba kaɗan ga garin Shagari, mahaifar marigayi Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, wanda kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979 ya riƙe muƙamin Kwamishinan Kuɗi na Tarayya daga 1971 zuwa 1975. A lokacinsa ne aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo, ran 1 ga watan Janairu 1973.

To, a cikin wannan ƙasa Horo Birni take, ɗaya daga mazaɓun Ƙaramar Hukumar Shagari, tare da irin su Dandin Mahe da Kajiji da Jaredi. Kowane wata akwai kwamitin da ke zama a Abuja yana raba abin da ya taru a Asusun Tarayya, kuma cikin jerin ƙananan hukumomi 774 da ake rubuta wa kaso akwai sunan Shagari, akwai sunan Boɗinga. Mai wayar hannu yana iya duba adadin in ya so, don ana bugawa. Abin da ba zai samu a waya ba shi ne amsar tambayar da ta fi damun mutumin Horo Birni: daga cikin wannan adadi, nawa ne ya zama alli da benci a makarantar firamare, nawa ya zama magani a ɗakin shan magani, nawa ya zama gyaran famfon tuƙa-tuƙa, nawa kuma ya tafi a albashi da alawus kafin ya bar hedkwata? Wannan tambaya ba ta amsuwa da hira a bakin kasuwa. Sai an sami mutum mai ilmin aikin, wanda aka ɗauke wa nauyin ci da sha na wata shida ko shekara, ya zauna da takardu da alƙalami ya bi kuɗin nan mataki-mataki. Abin da ake nufi da tallafin bincike ke nan, kuma a kansa wannan maƙala take.

Ya kamata a bambanta shi da sukolashif ɗin da kowa ya sani. Sukolashif kuɗi ne da hukuma ke bai wa ɗalibi don ya biya makaranta ya sayi littattafai, ya ci jarrabawa ya fito. Tallafin bincike kuwa na wanda ya riga ya gama digirin farko ne, yana neman na biyu ko na uku, kuma abin da ake jira daga gare shi ya wuce takardar shaida. Ana jiran ya kawo wani sani wanda da babu shi. Saboda haka ban da kuɗin makaranta akan ba shi alawus na wata-wata don kada neman abinci ya raba masa hankali, da kuɗin zirga-zirga, da na biyan mataimaka masu shiga gida-gida suna tambaya, wani lokaci har da na halartar taron masana inda za a yi wa aikinsa tankaɗe da rairaya. Fannin da muke magana a kansa, watau ilmin kuɗin gwamnati da tsare-tsarenta, shi ne nazarin yadda hukuma ke tara kuɗi ta haraji da rance da albarkatun ƙasa, da yadda take raba su, da kuma wanda ya amfana da wanda ya ɗauki nauyi.

Masu karatu na iya cewa wannan ai harkar 'yan boko ce a tsakaninsu, ina ruwan manomi da ita? Sai mu duba yadda aka yi kason ƙaramar hukuma ya samu.

Zamanin En'e, tun daga wajen 1911 da Turawa suka shimfiɗa tsarin baitulmali a masarautun Arewa, kuɗin da hukumar gargajiya ke aiki da shi daga aljihun talaka yake fitowa kai tsaye. Mai unguwa ya tara haraji ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa Ma'aji, Bafulatani kuma ya biya jangali a kan kowace saniya. Akwai zalunci mai yawa a ciki, kuma dattawan da suka ga ana shanya mutum a rana saboda kuɗin haraji ba su manta ba. Amma duk da haka talaka ya san kuɗinsa ne, yana da rasit a cikin hula. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ya kuma sa aka fara yanka musu kaso daga tarayya. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a jihohinsu, daga nan kuma martabar harajin kai ta yi ta raguwa a Arewa. Talaka ya huta, wannan ba shakka. Sai dai igiyar da ta ɗaure shi da baitulmali ta tsinke, kuɗi ya koma zuwa daga sama, daga man fetur, kuma abin da ya zo daga sama akan ɗauke shi kamar kyauta, ba a cika tambayar lissafinsa ba.

Su wa suka tsara yadda za a raba wannan kuɗi na sama? Masana ne. A 1977 gwamnatin soja ta ba Farfesa Ojetunji Aboyade shugabancin kwamitin ƙwararru kan rabon kuɗin shiga. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki ya naɗa wani kwamitin a ƙarƙashin Dakta Pius Okigbo, mutumin da ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Northwestern a Amurka, ya yi zaman bincike a Oxford, ya kuma wallafa littafi a kan kuɗin gwamnatin Nijeriya tun 1965. Dokar da aka fara yi bayan rahoton Okigbo, Kotun Ƙoli ta soke ta a 1981 bisa ƙarar da Jihar Bendel ta kai, sannan aka yi wata a farkon 1982 wadda ta ba Gwamnatin Tarayya kashi 55 daga cikin ɗari, ƙananan hukumomi kuma kashi 10. Daga baya aka yi ta sauye-sauye har aka zo ga tsarin da ya ba tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kowane ɗigo a cikin waɗannan alƙaluma an yi musu a kansa, kuma wanda ya zo teburin musun da takardu da lissafi shi ne yakan tashi da rinjaye.

Abin bai tsaya nan ba. In aka ware kason ƙananan hukumomi, akwai ma'aunin da ake bi wajen raba shi a tsakaninsu: kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, kashi 10 bisa ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida, sauran kashi 10 kuma bisa abubuwan jin daɗin jama'a kamar ilmi da lafiya da ruwan sha. Ka ga ke nan yawan yaran da aka rubuta a makarantun Horo Birni, da rasit ɗin da aka yanka a kasuwa, suna da hannu a kan abin da zai zo wa Shagari daga Abuja. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ita ce ta 2006. Yaron da aka haifa a shekarar ya isa aure. Ƙaramar hukumar da ba ta da wanda zai duba ko alƙaluman da aka rubuta mata daidai ne, tana iya yin asara shekara da shekaru ba ta sani ba.

Bari mu leƙa ƙasashen waje kaɗan, don a ga abin da irin wannan bincike ya taɓa haifarwa. A Yuganda, a 1996, masu bincike sun bi sawun kuɗin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai, suka gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 kacal daga cikin ɗari ne ke isa makarantun, sauran yana maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnatin ƙasar ba ta ɓoye ba. Sai ta fara buga adadin abin da ta aika kowane wata a jaridu, ta kuma umarci makarantu su liƙa nasu a allon sanarwa. Da aka sake dubawa a 2001 sai aka tarar abin da ke isa ya haura kashi 80. Masana sun yi gardama a kan ko jaridun kaɗai ne suka kawo wannan canji ko da wasu gyare-gyaren da aka yi tare, amma ba wanda ya musa cewa binciken farko ne ya tona asirin ɓarnar.

Na biyu ya fi kusa da zancenmu. A birnin Kananga na ƙasar Kwango, wani ɗalibin digiri na uku daga Jami'ar Harvard, Jonathan Weigel, ya yi aiki tare da gwamnatin lardin a 2016 lokacin da aka fara bin gida-gida ana karɓar harajin gidaje. Ya gano cewa mutanen unguwannin da aka shiga karɓar haraji sun fi sauran halartar tarukan da ake ganawa da hukuma, suna tambayar inda kuɗinsu ya tafi. A 2018 shi da abokan aikinsa suka gwada wata dabara, suka kwatanta ma'aikatan gwamnati da masu unguwanni wajen karɓar harajin, sai aka ga inda masu unguwanni suka karɓa kuɗin shiga ya ƙaru da fiye da kashi 40 daga cikin ɗari, dalili kuwa sun san wanda ke da halin biya da wanda ba shi da shi. Duk Basakkwace da ya ji wannan zai yi murmushi, don kakanninsa sun san haka tun zamanin Ma'aji. Amma ɗalibin da ya zo daga Amurka da guzurinsa shi ne ya auna abin ya rubuta, kuma sunansa ake ambata a tarukan duniya.

To ina ɗan Horo Birni ko ɗan Danchadi da ya gama digiri a fannin tattalin arziki ko akanta ko mulki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai sami irin wannan guzuri? Ƙofofin suna nan, ko da yake kowace da irin ƙunci nata. Mafi girma a cikin gida ita ce Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilmi na 1993, kuma daga harajin da kamfanoni ke biya yake samun kuɗinsa. Yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku, yana kuma ba da kuɗin bincike. Sai dai na malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati ne. Wanda bai sami aikin koyarwa ba, ko ma'aikacin sashen kuɗi na ƙaramar hukuma da ya fi kowa sanin inda takardu suke, ba ya cikin lissafi. Akwai kuma cibiyar AERC mai hedkwata a Nairobi, wadda aka kafa a 1988 don ƙarfafa binciken tattalin arziki a Afirka. Tana da shirin digiri na uku na haɗin gwiwa wanda Jami'ar Ibadan ke cikin masu gudanar da shi, tana kuma taimaka wa ɗalibai da kuɗin rubuta kundi. Cibiyar ICTD da ke Sussex a Ingila, wadda aka kafa a 2010, ita harkar haraji kaɗai ta sa a gaba, kuma a 2017 ta taimaka aka kafa ƙungiyar masu binciken haraji ta Nijeriya.

Ga mai son fita waje akwai tallafin ƙasashen Kwamanwel, wanda aka fara tun 1959, ana nemansa ta Hukumar Sukolashif ta Tarayya. Akwai Chevening na gwamnatin Ingila tun 1983, mai buƙatar shaidar aikin shekara biyu da alkawarin dawowa gida. Akwai na haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya tun 1987, wanda aka yi musamman don masu aikin raya ƙasa. Wani abin lura kuma shi ne cibiyar ODI ta Landan, wadda tun 1963 take tura matasa masu digiri na biyu su yi shekara biyu suna aiki a ma'aikatun kuɗi da na tsare-tsare na ƙasashen Afirka da wasu wurare. Watau su sun gane cewa ilmin kuɗin gwamnati a cikin ofishin gwamnati ake ƙarasa koyonsa, shi ya sa suke biyan 'ya'yansu su zo su koya a ofisoshinmu.

Me ke hana namu shiga? A ganina abu na farko shi ne rashin labari. Sanarwar irin wannan tallafi takan fito a intanet da Turanci, ta yi wata biyu ko uku ta rufe, kuma wanda ke kusa da malamin da ya taɓa samu shi ne yakan ji da wuri. Sannan ga lissafi. Binciken kuɗin gwamnati na wannan zamani ya dogara ƙwarai a kan ilmin ƙididdiga da sarrafa alƙaluma da kwamfuta, ɗalibin da ya tsallake wannan darasi da ƙyar a digirin farko zai sha wuya a gaban masu tantancewa. Amma babban ciwon yana cikin takardar ƙudurin bincike, watau 'yan shafukan da mai nema zai rubuta ya bayyana tambayarsa da hanyar da zai bi ya amsa ta. A nan ne 'ya'yanmu ke yi wa kansu illa. Sai ka ga yaro ya taso a ƙauye, ya san kowane mai yankan tikiti a tashar garinsu, ya san nawa ake karɓa a kan tunkiya ranar kasuwa, amma da ya zo zaɓen abin bincike sai ya rubuta "tasirin bashin waje a kan bunƙasar tattalin arzikin Nijeriya daga 1981 zuwa yau". Ɗaruruwa sun rubuta wannan kafin shi, daga alƙaluman Babban Banki iri ɗaya, kuma mai tantancewa a Nairobi ko Sussex ya gaji da ganinsa. Abin da yaron ya sani wanda ba kowa ya sani ba, shi ya raina ya bari a gida.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Binciken da ake yi a kan tebur ba ya cin kuɗi, na fita fili kuwa yana ci. Ɗalibin da ke biyan kuɗin makaranta daga albashin koyarwa a firamare ba zai iya ɗaukar babur ya zagaya mazaɓu goma yana ƙirga benci ba. Dole ya zaɓi mai araha. Ta haka rashin tallafi ke zaɓar mana abin da za mu sani game da kanmu.

Alhali kuwa ba a taɓa samun lokacin da ya fi wannan dacewa da irin wannan aiki ba. Daga 2018 Bankin Duniya ya gudanar da wani shiri na dala miliyan 750, daga baya aka ƙara, wanda ya riƙa ba jihohi lada in sun buga kasafin kuɗinsu da rahoton mai binciken kuɗi a fili, saboda haka takardun da a da sai da sanayya ake ganinsu suka zama ana samunsu a intanet. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu 2023, adadin nairar da ake rabawa kowane wata ya ƙaru ƙwarai, ko da yake tsadar kaya ta cinye wani ɓangare na ƙarin. Sai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na ran 11 ga watan Yuli 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, inda kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta bai wa kwamitocin riƙo da ba zaɓaɓɓu ba. Kafin wannan, sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. An yi ta ja-in-ja a kan aiwatar da hukuncin, masu goyon baya na cewa kuɗi zai kusanci talaka, masu suka na cewa ɓarna ce kawai za ta sauka daga babban ofis zuwa ƙarami, malaman firamare kuma na tuna zamanin da albashinsu ke hannun ƙananan hukumomi suna yin watanni ba a biya su ba. Kowane ɓangare yana da hujjar baki. Wanda zai raba gardamar shi ne wanda ya auna halin da makaranta da asibitin ƙauye suke ciki kafin canjin, ya dawo ya sake aunawa bayansa. In ba a yi awon farko yanzu ba, nan da shekara biyar ba abin da za a kwatanta da shi.

Haka nan sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu ran 26 ga watan Yuni 2025 sun sauya rabon harajin sayen kaya, suka rage kason tarayya daga kashi 15 zuwa 10, suka ɗaga na jihohi zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya tsaya a 35. Lokacin da ake muhawara a kansu an ji gwamnonin Arewa sun ɗaga murya a kan ma'aunin rabon. Muhawara irin wannan za ta sake dawowa, kuma jihar da ke da masananta da alƙalumanta ita za a saurara.

Ga Jihar Sakkwato abin ya fi tsanani. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya haɗa ilmi da lafiya da muhalli da aikin yi, ya nuna kashi 63 na 'yan Nijeriya na cikin wannan hali, Sakkwato kuwa ita ce a sama da kusan kashi 91. Inda bukata ta kai haka, kowace naira da ta ɓace a hanya wani ne ya rasa allura ko ya rasa aji.

Shawarata ita ce kada mu zauna jiran Nairobi da Landan. Jihar nan tana da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975, tana da jami'ar jiha, tana da hukumar sukolashif, tana da ƙananan hukumomi 23. Ba abin da zai hana a ware gurabe kaɗan kowace shekara, ko da goma ne, na tallafin bincike a kan kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi, a buɗe su ga kowa, malami da ma'aikaci da wanda bai sami aiki ba, mace da namiji. Kuɗin motar alfarma guda ya isa ya riƙe da yawa daga cikinsu. Sai dai da sharuɗɗa. Malaman jami'a su yi zaɓen, kada ya zama rabon 'yan siyasa. A ba ɗalibi takardar izinin ganin littattafan baitulmali tun ranar da aka ɗauke shi, don ma'aji ba zai buɗe wa baƙo durowa ba sai da umarni daga sama. Kuma duk abin da ya gano, mai daɗi ko mai ɗaci, a buga shi, a kuma taƙaita shi da Hausa a karanta a rediyo. Na san a nan gizo ke saƙa, don hukumar da ta biya kuɗin bincike ba ta cika son jin laifinta ba. Shi ya sa ya fi kyau attajirai da ƙungiyoyin ci gaban gari su sa hannu, asusun ya zama yana da iyaye da yawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1967, bayan faɗuwar Jamhuriya ta Farko, Alhaji Shehu Shagari ya zama sakataren asusun raya ilmi na Lardin Sakkwato, wanda ya tara gudummawar jama'a aka gina makarantu da ita.

Ɗalibin da ya sami irin wannan gurbi ya zaɓi Horo Birni, aikinsa a bayyane yake. Zai fara da jadawali na huɗu na Tsarin Mulki da dokar haraji ta 1998 da ta jera abin da ƙaramar hukuma ke da ikon karɓa, kamar kuɗin rumfunan kasuwa da na tasha da na mahauta da harajin shanu, ya kwatanta da abin da ake karɓa a zahiri, da wanda ake yanka wa rasit da wanda ba a yankawa. Zai rubuta abin da mutane ke biya da kansu wanda ba ya shiga littafin kowa: karo-karon gyaran rijiya, da kuɗin 'yan sintiri, da gudummawar iyayen yara, da zakka da ake fitarwa bayan girbi, don a san ainihin nauyin da ke kan magidanci. Zai ɗauki kasafin shekara uku ko huɗu na ƙaramar hukuma ya je ya tsaya a gaban kowane aikin da aka rubuta an yi a mazaɓar. In yana da sha'awar tarihi, takardun Lardin Sakkwato suna Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, wasu kuma a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, inda zai ga yadda hakimai ke lissafin haraji da jangali gari-gari. Daga nan sai ya ɗauki awonsa ya kai Sifawa ko Danchadi a ƙasar Boɗinga ya sake gwadawa, don a ga ko abin da ya gani halin wuri ɗaya ne ko na yankin duka.